Baki Na Faɗa, Yatsa Na Nunawa: Yadda Ɗan Adam Ke Haɗa Murya da Hannu Wajen Magana da Na'ura

Wani dare bayan sallar isha'i, saƙo biyu suka shigo wayata daga wani matashi da ban taɓa gani ba. Na farko hoton takarda ne da aka yago daga littafin rubutu na makaranta, an jera sunaye goma sha ɗaya a kanta, an ja layuka daga wannan suna zuwa wancan. Na biyu saƙon murya ne na kusan minti uku. Bayan sallama da gaisuwa sai ya ce: "Allah Ya gafarta Malam, tambaya ce a kan gado. Wannan shi ne kakanmu, wannan kuma shi ya riga wannan rasuwa, su kuwa waɗannan biyun uwarsu ɗaya da wannan." Na saurara har sau uku. Muryarsa garau take, hoton ma ya fito tar, amma na kasa gane ko wane ne ya riga wane.

Da na ɗan yi tunani sai na hango yadda abin ya faru. Lokacin da yake magana takardar tana gabansa, yatsansa yana tafiya daga suna zuwa suna, kuma kowane "wannan" da ya furta yana da inda ya sauka. Ya aiko mini da muryar, ya aiko da takardar, yatsan kuma ya tsaya a ɗakinsa. Ga shi kuwa a sha'anin gado wannan ɗan bayanin shi ne komai, domin idan ɗa ya riga mahaifinsa rasuwa alhali akwai wasu 'ya'ya maza a raye, hukuncin jikokin daban ne da idan ya rasu bayansa ko da da yini ɗaya. Gida da gona da zumuncin dangi duk suna rataye a kan yatsan da ban gani ba.

Abin da ya hana ni amsa wa wannan matashi a daren nan shi ne ainihin matsalar da masana kwamfuta suka shafe fiye da shekara arba'in suna fama da ita: yaya za a yi na'ura ta fahimci mutumin da ke magana da bakinsa, yana nuni da hannunsa, yana kuma kallo da idonsa, duk a kan buƙata guda? Sanin abin da suka gano zai amfani kowane gida, tunda a yau da wuya ka sami gidan da ba a latsa waya, ko a yi mata magana, ko a haska mata takarda.

Magana ba ta tafiya ita kaɗai

Tsaya minti biyar a gaban mai tumatir, za ka ji ana cewa: "Ba ni wancan kashin. A'a, na gefensa." Da za a ɗauki muryar kaɗai a sa wa wanda ba ya wurin, ba abin da zai tsinta. Harshenmu ma an gina shi da sa ran cewa jiki zai taimaka. Muna da "nan" da "can", kowannensu da karin sauti iri biyu da ke bambanta kusa da nesa, amma duk da haka sai an haɗa da hannu, ko haɓa, ko zunɗen baki kafin mai sauraro ya san inda ake nufi.

Wannan ɗabi'a ta fi ƙarfin koyi da gani. A shekarar 1998 wasu masu bincike biyu a Amurka, Jana Iverson da Susan Goldin-Meadow, sun wallafa sakamakon nazarinsu a kan yaran da aka haifa makafi. Sun tarar yaran suna motsa hannu yayin magana kamar masu gani, har ma a lokacin da suka san mai sauraronsu shi ma makaho ne. Ke nan hannu yana taya mai magana tsara tunaninsa, ko akwai mai kallo ko babu. Ta ɓangaren mai sauraro kuma, a 1976 Harry McGurk da John MacDonald a Ingila sun ɗora sautin "ba" a kan hoton bidiyon leɓɓan da ke furta "ga", sai akasarin manyan da aka gwada suka ce "da" suka ji. Ido ya shiga aikin kunne ba tare da mai shi ya sani ba.

Ɗaliban hadisi sun san wannan ta wata fuskar. A Sahihul Bukhari, inda aka ruwaito kusancin mai kula da maraya da Manzon Allah (SAW) a Aljanna, mai ruwaya bai tsaya ga lafazin ba, sai da ya bayyana cewa an yi nuni da manuniya da yatsan tsakiya. Haka a ruwayar adadin kwanakin wata, an faɗi yadda aka buɗe yatsu sau uku, aka lanƙwashe babban yatsa a na ukun, wato ashirin da tara. Da maruwaita sun kawo kalmomin sun watsar da nunin, da ma'anar ta salwanta. Sun gane cewa nunin rabin maganar ne, suka riƙe amanarsa.

Daga kati mai huji zuwa "sa wancan a can"

Kwamfutocin farko ba su san wannan ba sam. Kati ake hudawa a zura musu, daga baya aka koma buga umarni baƙi bayan baƙi a kan madannai. Mutum ne yake matse kansa ya bi ta ƙofa ɗaya tilo da na'ura ta buɗe masa.

A 1963 wani ɗalibin digiri na uku a Cibiyar Fasaha ta MIT da ke Amurka, Ivan Sutherland, ya nuna wata manhajar zane mai suna Sketchpad. Mutum yana riƙe da alƙalamin haske a hannu ɗaya yana nuna wuri a fuskar kwamfuta, ɗaya hannun kuma yana danna maɓallan da ke faɗin abin da za a yi a wurin: a ja layi, a yi da'ira, a goge. Ranar 9 ga Disamba 1968 kuma, a birnin San Faransisko, Douglas Engelbart ya zauna gaban mutane kimanin dubu ɗaya na tsawon minti 90 yana aiki da abu uku: linzamin kwamfuta a hannun dama, wani ɗan allo mai maɓalli biyar a hannun hagu, madannai kuma a tsakiya. Wani masani Bafaranshe, Yves Guiard, ya yi bayanin hikimar irin wannan rabon aiki a 1987, inda ya nuna cewa hannayen mutum biyu ba aiki ɗaya suke yi ba: ɗaya yana riƙewa yana daidaita wuri, ɗayan yana yin aikin da ke son ƙwarewa. Duk wanda ya taɓa dafe allo da hagu yana rubutu da dama ya san wannan a jikinsa.

Murya ta shigo sosai a 1980, lokacin da Richard Bolt na MIT ya gabatar da wani gwaji da ya yi suna da jimlar da ake furtawa a cikinsa, wadda ma'anarta ita ce "sa wancan a can". Mutum yana zaune a kujera yana fuskantar allo mai girman bango, an ɗaura masa wata 'yar na'ura a wuyan hannu da ke sanar da kwamfuta inda yake nunawa, ga kuma makirufo da ke ɗaukar muryarsa. Idan ya nuna wata siffa ya ce "sa wancan", sannan ya karkata hannu ya ce "a can", sai siffar ta tashi ta koma inda ya nuna. Kalmomin da na'urar ta sani ba su da yawa. Abin da ya sa gwajin ya shiga tarihi shi ne ta iya ɗaura kowace kalma a kan inda hannu yake a daidai lokacin da aka furta ta. Ita ce igiyar da ta tsinke tsakanin muryar matashin nan da takardarsa.

Abin da aka gano da aka zura wa mutane ido

Bayan gwajin Bolt, da yawa sun ɗauka cewa an gama: mutane za su riƙa nuni suna magana a lokaci ɗaya, na'ura kuma ta haɗa. Sai wata masaniya mai suna Sharon Oviatt, da ke aiki a lokacin a wata cibiyar bincike a jihar Oregon, ta ce a fara kallon yadda mutane ke yi da kansu tukuna. Ita da abokan aikinta suka ba mutane taswira a fuskar kwamfuta, da alƙalami, da makirufo, suka bar kowa ya yi aiki yadda ya ga dama. A 1999 ta tattara sakamakon a wata maƙala da ta rushe zato goma da masana ke yi a wannan fage.

Na farko, kusan dukkan mutanen sun ce sun fi son a bar musu hanyoyin biyu a buɗe, amma a aikace kashi 20 cikin 100 kacal na umarninsu ne suka haɗa murya da alƙalami. Sauran ko dai magana ce zalla ko rubutu zalla. Abin da ke sa su haɗawa shi ne irin aikin. Idan umarnin ya shafi wuri, kamar a ƙara wani abu a nan ko a auna nisan can, suna haɗawa a kashi 86 cikin 100 na lokutan. Idan kuwa umarni ne da bai shafi wuri ba, kamar a buga taswirar a takarda, ko kashi ɗaya bai kai ba.

Na biyu, nuni da magana irin na Bolt kashi 14 cikin 100 ne kawai na abin da mutane suka haɗa. Sun fi yin zane: su ja layi, su kewaye unguwa, su yi kibiya, su rubuta lamba. Na uku, hannu da baki ba kullum suke tafiya tare ba. Sau da yawa alƙalami ne ke riga, murya ta biyo baya da daƙiƙa ɗaya ko biyu. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa kowane mutum yana da tasa al'adar, wani mai haɗawa lokaci guda ne, wani mai jerawa, kuma da wuya ya sauya. An kuma lura cewa yayin da aiki ya ƙara wuya, mutane suna ƙara haɗa hanyoyin, kamar mai ɗaukar kaya da ke sa hannu na biyu idan nauyi ya ƙaru.

Abu mafi muhimmanci a ganina shi ne wannan: baki da hannu ba sa maimaita juna. Baki yana ɗaukar wane ne, mene ne, me za a yi. Hannu yana ɗaukar ina ne, wanne ne, yaya girmansa. Kowannensu yana riƙe da abin da ɗayan bai faɗa ba. Saboda haka idan aka raba su, abin da ya rage guntun saƙo ne mai kama da cikakke, kuma a nan haɗarin yake, domin mai aikawa yana ganin ya gama bayani.

Ɗaya na rufa wa ɗaya asiri

Akwai wata fa'ida da ta fito daga wannan bincike wadda ta shafe mu kai tsaye. Na'urar gane murya tana kuskure, ta gane zane ma tana kuskure, amma ba a wuri ɗaya suke tuntuɓe ba. Idan ta yi shakka tsakanin kalmomi biyu, abin da aka zana yakan nuna mata wadda ta dace, idan kuma zanen ne bai fito ba, kalmar takan fayyace shi. A wani gwaji da Oviatt ta wallafa a 1999, an haɗa masu Turancin gado da waɗanda suka koye shi daga baya suke furta shi da karin harshensu. Da murya kaɗai, na'urar ta fi kuskure a kan rukuni na biyu. Da aka haɗa da alƙalami, kurakuran sun ragu da kusan kashi 40 cikin 100, tazarar da ke tsakanin rukunan biyu kuma ta kusan ɓacewa. Wanda na'ura ta fi wahalar ji shi ya fi cin moriyar ƙofa ta biyu.

Bahaushe yana cikin wannan hali ta fuska biyu. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsayin wasali. "Kuka" na hawaye da "kuka" ta miya baƙaƙensu ɗaya, haka "gari" na zama da "gari" na tuwo, haka "fara" mai tashi da "fara" ta launi. Kunne yana rarrabe su nan take, ido kuwa sai ya jira sauran jimla. Ta ɗaya fuskar, da yawa daga cikinmu suna rubutu a waya ba tare da ƙ, ɗ da ɓ ba, sai baƙi ya koma baki, ɗaki ya koma daki. Ita ma murya tana da nata raunin. A cikin hayaniyar tasha "biyu" da "biyar" sukan rikice, sannan kalma ɗaya takan ɗauki adadi biyu: jaka a bakin ɗan kasuwar Kano naira 200 ce, a bakin na Maraɗi kuwa sefa 1,000 ce. Lamba da aka rubuta ba ta da wannan ruɗani. Don haka murya tana gyara abin da rubutu ya ɓoye, rubutu yana tsayar da abin da murya ta karkatar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A cikin aljihunmu

Abin da ya buƙaci ɗaki guda a 1980 yanzu yana cikin aljihu. Tun fitowar iPhone a 2007 taɓa fuskar waya ya zama ruwan dare. WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, kuma a watan Maris na 2022 kamfanin ya ce ana aika irin waɗannan saƙonni kimanin biliyan 7 a kowace rana. Ba abin mamaki ba ne, domin wani gwaji da Jami'ar Stanford ta yi da abokan haɗin gwiwarta a 2016 ya nuna cewa shigar da saƙon Turanci ta murya ya ninka bugawa da yatsu sauri har sau uku. Amma lura da abin da mai shifta wa waya magana yake yi idan ta yi kuskure: ba ya sake faɗa sau goma, yatsa yake sawa ya gyara kalmar.

Kyamara ma ta zama hanyar tambaya. Google Lens, da ya fito a 2017, yana ba mutum damar haska abu ya nemi bayaninsa, a watan Janairun 2024 kuma aka kawo wa wasu wayoyin Android damar kewaye abu da yatsa a fuskar waya don a bincika shi. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira na yanzu suna karɓar hoto da murya da rubutu a tambaya ɗaya. Ɗaliban hadda sun san manhajoji irin su Tarteel, inda mutum ke karatu da baki, manhajar tana bin sa a rubuce tana yi masa alama inda ya tsallake, shi kuma ya taɓa wurin ya koma. Taimako ne ga mai tilawa shi kaɗai, ko da yake gyaran makhraji da karɓar karatu suna nan a gaban malami.

Har ido an shigar. Tabaran Vision Pro da kamfanin Apple ya fara sayarwa a watan Fabrairun 2024 yana bin inda mutum ke kallo. Sai dai kallo kaɗai ba ya zama umarni, sai mutum ya haɗa babban yatsa da manuniya kamar mai ɗibar gishiri. Dalilin tsohuwar matsala ce da Robert Jacob ya bayyana tun 1990: ido yana sauka a kan komai, da wanda ake so da wanda ba a so, idan aka mai da kowane kallo umarni to mutum ba zai iya duban komai cikin kwanciyar hankali ba. Saboda haka aka raba aikin, ido ya zaɓa, hannu ya tabbatar.

Wanda aka rufe wa ƙofa ɗaya

Ga mai cikakkiyar lafiya da ilimin boko, yawan hanyoyi sauƙi ne kawai. Ga wasu kuwa shi ne bambanci tsakanin shiga da tsayawa a waje. Fuskar waya santsi ce, ba ta da tudu ko kwari da makaho zai lalubo. Amma tun 2009 iPhone ke zuwa da VoiceOver, wayoyin Android kuma suna da TalkBack: makaho yana jan yatsa a kan gilashi, wayar tana faɗa masa abin da ya taɓa, idan ya iso inda yake so ya ƙwanƙwasa sau biyu. Yatsa da kunne sun tsaya a madadin ido. Shahararren masanin kimiyyar nan na Ingila, Stephen Hawking, wanda ya rasu a 2018, ya shafe shekarunsa na ƙarshe yana rubutu da magana ta hanyar motsa tsokar kuncinsa, wata 'yar na'ura a jikin tabaransa tana ɗaukar motsin, manhaja kuma tana hasashen kalmar da yake nufi.

A gidajenmu akwai iyaye da kakanni da suka sauke Alƙur'ani, suke karanta ajami ba gargada, amma madannan boko suka zame musu katanga. Saƙon murya ne ya shigar da su cikin zancen 'ya'yansu da ke nesa. Kuskure ne matashi ya riƙa yi wa mai aika murya kallon wanda ya gaza. Ya zaɓi hanyar da ta fi dacewa da shi ne, kamar yadda mutanen da Oviatt ta gwada suka yi. Abin da ya kamata a nema shi ne na'urorin su ƙara jin harshenmu. Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara a ƙarshen 2013, a watan Oktoban 2024 kuma ya sanar da shigar da ita cikin harsunan da za a iya bincike da shifta da murya. Mataki ne mai kyau, amma duk wanda ya gwada ya san da sauran aiki, musamman ga mai Sakkwatanci ko Damagaranci, ko wanda ke cakuɗa Hausa da Larabci da Turanci a jimla ɗaya kamar yadda muke yi kullum.

Kowace ƙofa tana buɗewa ta fuska biyu

Wajibi ne a faɗi ɗaya gefen. Madannai ba sa ɗaukar komai sai abin da ka buga. Makirufo kuwa yana ɗaukar muryarka da ta wanda ke bayanka, kyamara tana ɗaukar takardar da ka haska da kuma ɗakin da kake ciki. Saƙon murya da aka yi a tsakar gida yakan tafi da zancen matan gida da ba su san ana ɗauka ba. Hoton takardar asibiti da aka tura don a tambayi sunan magani yakan tafi da sunan mara lafiya da cutarsa. Yawancin manhajojin da ke sauraro ko kallo suna tura abin da suka ɗauka zuwa manyan kwamfutocin kamfani a wata ƙasa. Ya dace maigida da uwargida su shiga saitin wayoyin gidan su ga waɗanne manhajoji aka ba izinin makirufo da kyamara, su janye daga wanda ba ya buƙata.

Sannan murya ita kaɗai ta daina zama shaida. Akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun abin da aka naɗa. Idan saƙo ya zo da muryar ɗanka ko yayanka yana neman kuɗi cikin gaggawa, ka kira shi a lambar da ka sani, ko ka tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani. Nan ma maganin shi ne hanya ta biyu.

Abin da ya rage gare mu

Ka'idar da za a riƙe gajeriya ce: gwargwadon nauyin al'amari, gwargwadon buƙatar a bi da shi ta hanya biyu masu gaskata juna. Idan kuɗi ne, faɗi adadin da baki, ka kuma rubuta shi da lamba. Idan za ka tura ta banki, bayan ka buga lambobi goma na asusun, tsaya ka karanta sunan da ya fito kafin ka danna, domin idonka ne shaidar yatsanka. Idan magani ne, tura hoton kwalin tare da bayanin, kada ka dogara da yadda ka ji sunan. Idan kwatancen gida ne, haɗa muryar da alamar taswira. Idan ka yi wa waya shifta, karanta abin da ta rubuta kafin ka aika, domin magana zarar bunu ce, ta waya kuma ta fi saurin nisa. Ɗalibin da ke tambayar malami ko manhaja a kan wani layi a littafi, ya kewaye layin a hoton, ya ambaci shafin.

Mafi sauƙin mantawa ita ce ta ƙarshe: duk lokacin da ka ji kanka kana cewa "wannan" ko "nan" a saƙon murya, tuna cewa wanda kake aika wa ba ya ganin hannunka. Ko ka kira abin da sunansa, ko ka sa masa alama.

Abin da na roƙi matashin nan ke nan. Na ce masa: "Ɗan'uwa, ɗauki biro ka sa wa kowane suna lamba, ka rubuta shekarar rasuwa a gefen wanda ya rasu, sannan ka sake yi mini bayanin kana kiran lambobin." Da safe ya turo. A cikin minti ɗaya na ga abin da na kasa gani a daren jiya: mahaifinsu ya rasu wata huɗu bayan kakan, ba kafinsa ba kamar yadda na fara zato. Da na amsa bisa zaton farko, da na gaya wa marayu cewa ba su da rabo a gonar da suke da haƙƙi a cikinta. Na yi masa bayanin abin da ya sauƙaƙa, na kuma ce su je gaban alƙali ko malamin da zai zauna da dukkan magadan ido da ido, domin rabon gado ba a gama shi ta waya.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da muke faɗa da abin da muke nunawa, Ya tsare mu daga cin haƙƙin wani bisa kuskure ko ganganci. Amin.